Tambayoyi da Amsoshi Kan Rage Lemo da Ɓoyayyen Sukari a Abincin Iyali

In aka ce a rage zaƙi a gida, abin da ake fara yi shi ne a ɓoye gwangwanin sukari a hana yara alewa. Amma a gidaje da yawa, musamman a birni, sukarin da ya fi shiga jiki ba taunarsa ake yi ba, kurɓarsa ake yi: a shayin safe, a koko, a zoɓon rana, a lemon da aka ajiye wa baƙo, a jus ɗin kwalin da aka saka wa yaro a jakar makaranta. Shi ya sa yawancin amsoshin nan suka fi karkata ga abin da ke cikin kofi.

Wai sukari nawa ne bai kamata mutum ya wuce ba a rana?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga babban mutum mai matsakaicin ci, wannan ya kama kusan giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12, tunda cokali ɗaya da aka shafe bakinsa yana ɗaukar wajen giram 4. Hukumar ta ƙara da cewa in aka iya saukowa zuwa rabin haka, giram 25 ko cokali 6, ya fi alheri, musamman ga haƙora.

Lissafin ya haɗa da farin sukari, da zuma, da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse. Bai haɗa da zaƙin da ke cikin ɗan itace in an ci shi yadda yake ba, haka bai haɗa da na nono da madarar da ba a sa wa sukari ba. Rabon yara ya fi ƙanƙanta: hukumomin lafiya na Birtaniya sun yanka giram 19 ga 'yan shekara 4 zuwa 6, giram 24 ga 'yan 7 zuwa 10.

To kwalbar lemo ɗaya fa, nawa ne a cikinta?

Lemon kwalba na yau da kullum galibi yana da wajen giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ƙaramar kwalba mai santilita 35 ta kai cokali 9 ke nan, robar santilita 50 kuma cokali 12 zuwa 13. Wato roba ɗaya ta cinye wa magidanci rabonsa na yini kaf, tun bai sha shayi ba. In yaro ɗan shekara biyar ne ya shanye ta, ya ninka nasa rabon fiye da sau biyu. Wanda kuma ya mayar da roba ɗaya abin shan kullum, kafin shekara ta zagayo ya sha kilo 18 na sukari.

Ina son kowace uwa ta gwada wannan sau ɗaya a gaban yaranta: ta ɗauko kofin gilashi, ta zuba cokali 12 na sukari suna ƙirgawa, ta ajiye shi kusa da robar lemo. Abin da ido ya gani ya fi wa'azi zama a zuciya, kuma har maigida yakan yi shiru ya duba.

Me ya sa ake matsa wa abin sha, alhali cincin da alkaki ma zaƙi ne?

Saboda ruwa ba ya ƙosarwa. Wanda ya ci alkaki uku zai ji cikinsa ya ɗauka, ya rage cin tuwo. Wanda ya sha lemo biyu zai cinye tuwonsa daidai yadda ya saba, sukarin lemon ya zama ƙari a kai. Sannan sukarin da ya narke a ruwa yana shiga jini da sauri, babu dusa ko ɓawon da zai rage masa gudu. Farin sukari haɗin nau'in sukari biyu ne, rabi gulukos, rabi furuktos. Shi furuktos hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse, wani ya zauna a jikinta.

Akwai kuma batun haƙori. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ne ke zaizaye haƙori har ya yi kogo. A nan yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin ɓarna. Yaron da ke riƙe da robar jus yana kurɓa kaɗan-kaɗan daga hantsi zuwa la'asar, haƙoransa sun wuni cikin tsami.

Alkaki da nakiya da dubulan kuwa kayan biki ne da salla. Ba su ne damuwata ba, muddin sun tsaya a ranakunsu.

Mu ba ma sayen lemon kwalba. Zoɓo da kunun aya muke yi a gida. Ai mun tsira ko?

Kun tsira daga kala da sinadaran hana lalacewa, kuma kuɗinku ya huta. Daga sukari kuwa, sai an duba hannun mai haɗawa. Zoɓo yana da tsami, tsami kuma yana ɓoye zaƙi, don haka ake ta zuba sukari da gwangwani har ya kamo lemon kwalba ko ya wuce shi. Haka lamurje, haka kunun tsamiya, haka ruwan kuka. Wasu ma bayan sukarin sai sun ƙara garin jus na leda don ƙamshi, shi ma yawancinsa kayan zaƙi ne da kala.

Amma a nan ne gyara ya fi sauƙi, domin ludayin yana hannunki, uwargida. Ki fara auna sukarin da kike sawa a tukunya, maimakon zubawa da ka. In gwangwani biyu ne, wannan makon ki sa ɗaya da rabi. Ki bar shi a haka mako biyu, sannan ki sake ragewa. Harshe yana sabo, kuma in aka bi shi a hankali yawancin mutanen gida ba za su ankara ba sai an yi nisa. Abin da aka rage na zaƙi a cike shi da ƙamshi: citta, kanumfari, na'a-na'a, ɓawon abarba da aka wanke sosai aka tafasa da zoɓon, ko kokwamba. Zoɓon da aka tsinka da ruwa, bai yi kauri sosai ba, tsaminsa kan ragu, buƙatar sukarinsa ma ta ragu.

Kunun aya shi da zaƙinsa yake zuwa. In ayar mai kyau ce aka markaɗa ta da ɗan dabino da kwakwa, ba ta neman komai. Fura da nono ma iyayenmu da kakanninmu a ƙauye sun sha ta shekaru babu sukari, kuma har gobe akwai masu shanta haka.

An ce lemon malt da madara yana ƙara jini. Ba gaskiya ba ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan magana ta cuci masu jego da masu juna biyu da yawa. Lemon malt zaƙinsa bai gaza na sauran lemuka ba, launinsa mai duhu kuma ba shi da alaƙa da jini. Abin da jiki ke gina jini da shi sinadarin ƙarfe ne, ana samunsa a hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu, da kuma ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mata a wurin awo. Mai zuwa dubiya ko barka da zai kai katan ɗin malt, da ya kai ƙwai, ko kifi, ko hanta, ko lemon zaƙi da kankana, da ya fi taimakon mai jinya.

Shayi fa? Ni ban iya shan shi ba zaƙi.

Ba a ce ka daina ba, a ƙirga dai. Kofi uku a yini, kowanne da cokali uku, cokali tara ke nan. In ka zauna teburin mai shayi aka haɗa maka mai kauri, ga sukari, ga garin cakulan wanda shi ma sukari na cikin manyan abubuwan da aka yi shi da su, ga burodi mai zaƙi a gefe. In madarar gwangwani mai kaurin nan mai danƙo aka sa, kusan rabinta sukari ne, ba ɗaya take da madarar ruwa ta gwangwani ko ta gari ba.

Masu dafa shayin buta a majalisa, irin wanda ake sha zagaye uku a Nijar da unguwannin Kano da sauran wurare, kada ƙanƙantar kofin ta ruɗe su. Sukarin da ake zubawa a butar shi za a raba da yawan masu sha, kuma zaman yakan maimaitu safe da dare.

A rage rabin cokali a kowane kofi, a riƙe haka kwana goma, a sake ragewa. In an sa garin cakulan, kada a ƙara sukari.

A waɗanne abinci ne sukari ke ɓuya?

A yogot mai ɗanɗano, wanda mutane ke saya wa yara da niyyar lafiya. A jus ɗin kwali mai hoton lemo da mangwaro. A burodi, musamman mai laushin nan da ake yabo. A biskit ko da an ce na madara ne, a hatsin kwali na karin kumallo, a garin kunun jarirai na kanti, a miyar tumatir ta kwalba da ake ɗiga wa dankali, a man haɗa salak, a waken gwangwani. Lemukan da ake cewa suna ƙara kuzari, waɗanda samari da direbobi ke sha, sukari ne da kafeyin, kuma bai kamata yara su kusance su ba.

Na gida ma akwai: ƙullin masa da aka sa wa sukari sannan a barbaɗa wani a kai, fanke, garin kwaki da aka jiƙa, koko da kunun gyaɗa.

Ta yaya zan gane daga jikin kwali?

Wuri biyu za ka duba. Na farko jerin kayan haɗi: ana rubuta su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, don haka in sukari ya zo na farko, na biyu ko na uku, ka san abin da ka riƙe. Yana zuwa da sunaye iri-iri, kamar sucrose, glucose syrup, fructose, dextrose, maltose da malt extract. A kayan da aka rubuta da Faransanci za ka ga sucre ko sirop.

Na biyu teburin sinadarai. Ka nemi layin sukari a kowane giram 100 ko mililita 100. A ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya, abin ci da ya haura giram 22.5 mai yawan sukari ne, wanda bai wuce giram 5 ba mai ƙaranci ne. A abin sha, mai ƙarancin sukari shi ne wanda bai wuce giram 2.5 ba. Ka lissafa abin da ke cikin kwalin gaba ɗaya ka raba da 4, ka sami yawan cokali. Hoton da ke gaban kwali talla ne, bayanin gaskiya yana baya da ƙananan haruffa.

In na koma zuma ko mazarƙwaila, na magance matsalar?

A'a. Zuma tana da darajarta da amfaninta, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma tana cikin lissafin da aka yi a sama. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, daga raken da ake yin farin sukari. Ɗan abin da ta fi shi na sinadarai bai kai a sake jiki da ita ba. Dabino in an ci shi ƙwaya biyu ko uku yana tafe da dusarsa, ya fi. In aka markaɗa kwano guda aka zuba a kunu kuwa, zaƙin ya taru.

Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma ko kaɗan. Tana iya ɗauke da ƙwayoyin wata cuta da hanjinsa bai iya kashewa ba tukuna, cutar kuma tana shanye jijiyoyi har ta taɓa numfashi.

Jus ɗin da na matse da hannuna fa?

Ya fi na kwali, amma cin ɗan itacen ya fi shi. Kofi ɗaya yana cinye lemon zaƙi uku ko huɗu, an kwashe ruwan an zubar da dusar. A yanka a ba yara su ci: gwanda, gwaiba, kankana, mangwaro, da namu irin su goruba, ɗinya, kanya da magarya in lokacinsu ya zo.

Daga yaushe za a fara sa wa jariri sukari a kunu?

Wata shida na farko nonon uwa zalla. Daga nan zuwa shekara biyu, shawarar masana ita ce kada a ƙara masa sukari, kada a ba shi lemo. Jariri bai san kunu na buƙatar sukari ba, mu ne muke ɗanɗanawa da harshenmu mu ce salam yake. In ana son kunun ya yi daɗi ya kuma gina jiki, a sa gyaɗa, waken suya, madara ko ayabar da aka dama. Kada a kwantar da yaro da bulumboti mai shayi ko jus a bakinsa. Da yawan yaran da ake gani haƙoransu na gaba sun yi baƙi sun gutsure, daga nan abin ya faro.

Wannan magana ta shafi gidan mai ƙaramin ƙarfi fiye da kowa. Yaron da aka cika wa ciki da ruwan zaƙi kafin abinci ba zai ci waken ba, kuma kuɗin da aka sayi jus da biskit da su za su sayi ƙwai.

Yarana sun riga sun saba. In na hana sai kuka, kakarsu kuma ta ce na cika tsanani. Yaya zan yi?

Kada a mayar da abin yaƙi. Mataki na farko a daina ajiye lemo a gida. Abin da babu shi a firji ba a yi masa kuka kullum. A ware masa ranakunsa: salla, suna, biki, ko Juma'a in kun ga dama, kuma kwalba ɗaya a raba wa yara biyu ko uku a ƙananan kofuna, tare da abinci. Jus ɗin da suka saba sha a fara tsinka shi da ruwa, ana ƙara ruwan sannu a hankali. A jakar makaranta a sa gorar ruwa da gyaɗa, ko dafaffen ƙwai, ko ayaba. Ruwan ya zama mai sanyi, na randa ko na firji, domin sau da yawa sanyin yaro ke nema.

A daina yin lada da zaƙi. In kullum ana cewa "in ka yi shiru zan saya maka lemo", an koya masa cewa lemo ne ƙarshen daɗin duniya. Sannan dokar ta hau kowa. Ba zai yiwu Baba ya dawo da roba a hannu yana sha a tsakar gida, a ce wa yara su sha ruwa ba.

Ita kuwa Hajiya, ƙauna ce take nunawa, kuma ba a gyara wa babba magana a gaban jikoki. A same ta ita kaɗai, ɗanta ko 'yarta ya yi mata bayani cikin ladabi: "Hajiya, haƙoran yaron nan muke tsoro, in za ki ba shi tsaraba ki ba shi gyaɗa ko ayaba." Yawancin kakanni sun san wani nasu da ciwon suga ya wahalar, ba sa buƙatar dogon bayani.

Baƙo fa? Ba rowa ba ce a ba shi ruwa kawai?

Da ruwa aka san Bahaushe yana tarbar baƙo tun asali. A haɗa da 'ya'yan itace, ko gyaɗa, ko fura, ko zoɓo mai sauƙin zaƙi. In shayi ne a kawo sukarin daban ya sa da hannunsa. Baƙi da yawa suna da ciwon suga ko hawan jini, kunya ce ke sa su shanye abin da aka ajiye musu.

Da azumi ai dole a sha zaƙi don ƙarfi ya dawo.

Sunna ita ce a buɗe baki da dabino, in babu da ruwa. Wannan ya wadatar wajen dawo da kuzari kafin sallar magariba. Abin da muke yi a faranti ɗaya mu jera kunu mai sukari, zoɓo, kunun aya da lemon kwalba, cikin rabin sa'a mutum ya sha rabon kwana biyu, jiki ya yi nauyi a tarawi. A zaɓi abin sha mai zaƙi guda ɗaya, sauran ƙishirwar a kashe ta da ruwa tsakanin magariba da sahur. Mai ciwon suga ya ga likitansa tun kafin watan ya kama, domin ana iya sauya masa lokacin magani da adadinsa.

Shan zaƙi ne ke kawo ciwon suga? In na sha maganin ɗaci ba zai wanke shi ba?

Ciwon suga iri-iri ne. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara, ba zaƙi ke kawo shi ba, jiki ne ke daina yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, don haka kada a ɗora wa uwa laifi. Nau'i na biyu, wanda ya fi yawa, yana tattare da gado, ƙiba musamman teɓa, rashin motsa jiki da shekaru. Yawan shan lemo yana ƙara haɗarinsa, kuma shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin gyarawa, tunda mutum ba ya sauya gadonsa.

Ɗaci kuwa ba ya wanke sukari. Abin da aka sha ya riga ya shiga jini, jiƙon da aka kora a bayansa ba zai fito da shi ba. Wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa a jarka ba a san abin da ke cikinsu ba, suna iya taɓa ƙoda da hanta.

Lemon da aka rubuta ba shi da sukari fa?

Ga babban da ya kasa rabuwa da lemo, gara shi da mai sukari, kuma zai iya zama matakala. Amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari don rage ƙiba. Tsaminsa yana nan yana cin haƙori, harshe kuma bai daina neman zaƙi ba. Ban ga dalilin saba wa yara da shi ba.

Gwamnatoci na yin wani abu a kai?

Meziko ta sa wa lemuka haraji a 2014, Birtaniya da Afirka ta Kudu a 2018. A Birtaniya harajin ya danganta da yawan sukarin, abin da ya sa kamfanoni da dama suka rage shi a kayansu. Najeriya ta sa naira 10 a kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. A ganina adadin ya yi kaɗan ya sauya halin mai saye, kuma bai taɓa zoɓon leda da shayin gida ba.

Akwai inda sukari yake zama magani?

Akwai, kuma kada ɗokin ragewa ya sa a manta. Yaro mai gudawa yana buƙatar ruwan gishiri da sukari. Na fakiti da ake samu a asibiti da kemis ya fi. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, zaƙinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan, yana iya ƙara gudawar.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin, in sukarinsa ya faɗi ya fara rawar jiki, gumi da jiri, a ba shi wajen giram 15 na sukari nan take, wato cokali 4 a ruwa ko rabin ƙaramar kwalbar lemo, a sake dubawa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Haka abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, duk da zaƙinsa magani ne, a ba su yadda ma'aikatan lafiya suka ce.

Yaushe ya kamata a je a gwada jini?

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Kada a jira sai an ga kiyashi na bin fitsari. Yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kowanne ya isa a je asibiti. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da teɓa, ko iyayensa na da ciwon, ko macen da sukarinta ya taɓa hawa da juna biyu, su gwada ko ba su ji komai ba. Ana yin gwajin ne da safe kafin a karya, bayan awa takwas ba a ci komai ba. In ya nuna 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, ko 7 ko sama a ma'aunin mmol/L, likita zai sa a maimaita wata rana kafin ya tabbatar.